Kujerar Baffa a ajin manya

A watan jiya kamfanin da nake wa aiki a nan Rotterdam, ƙasar Holan, ya tura ni kwas na kwana 5, irin wanda ake shirya wa manajoji da daraktoci. Sana'armu sayen riɗi da citta da kayan ƙamshi daga ƙasashe, mu sayar wa masu gasa burodi da masu haɗa abinci a Turai. Abin da aka tara mu a koya mana shi ne yadda za a kula da hannayen da kaya ke bi tun daga gona har bakin mai ci, ba tare da an cuci ƙasa ko an cuci mutum ba, kuma cinikin ya ɗore. Sarƙa suke kiran abin, kuma sunan ya dace, domin zobe ɗaya ya tsinke kowa ya ji a jikinsa.

A rana ta biyu malamar ta raba mana manyan takardu, ta ce kowa ya zaɓi kaya ɗaya da kamfaninsa ke saye, ya bi sawunsa da baya har ya kai ga wanda ya shuka shi. A teburinmu akwai wani darakta mai furfura daga kamfanin tufafi, da wata mata daga kamfanin kayan lantarki. Kowannensu ya rubuta wanda yake sayar musu, ya rubuta wanda yake sayar wa wancan, daga nan sai aka ajiye biro. Ni riɗi na ɗauka. Jirgin ruwa daga Legas, tirela daga Kano, injin tacewa, sito a Dawanau, dillali a kasuwar ƙauye ta wajen Maigatari ko Gumel, sannan manomin da ya yanke shi ya ɗaure ya jingina shi tsaye ya bushe, ya kakkaɓe a kan tamfol. Na cika takardar har gefe, domin a Dawanau na yi duk hutun makarantata, a rumfar Baffa, ƙanen mahaifina, ina riƙe masa littafin bashi.

Malamar ta tsaya a kaina ta duba, ta ce, a duk hannayen nan, nawa za ka iya kawo mini takardar shaida a kansu? Na ce biyu na farko. Sauran na san su, amma a ka na san su, ba a takarda ba.

Tun ranar abin yake damuna. Ilimin da ake biya wa manyan Turai kuɗi mai yawa su nema, rabinsa yana kan Baffa da ire-irensa. Ɗaya rabin, wanda shi ne yanzu yake buɗe ƙofar kasuwa ko ya rufe ta, ba wanda ya kai musu.

Kada mai karatu ya ɗauka kirki ne kawai ya sa kamfanonin nan suka koma aji. Wuya ce ta koya musu. A watan Afrilu na 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, ya kashe sama da mutum 1,100, akasarinsu masu ɗinkin tufafi, kuma a cikin ɓaraguzan aka riƙa tsintar lambobin shagunan Turai da Amurka. Wasu kamfanonin ba su ma san a can ake ɗinka kayansu ba, saboda ɗan kwangila ya ba ɗan kwangila. A namu fannin kuwa, a watan Satumba na 2020 Beljiyam ta gano wani sinadarin feshi da aka haramta a Turai cikin riɗin Indiya. Kafin a ankara riɗin ya shiga burodi da biskit da miya a ƙasashe da dama, aka yi ta kwashe kaya daga kantuna. Sai dokoki suka biyo baya. Jamus ta fara aiki da tata a farkon 2023, wadda ta wajabta wa manyan kamfanoni su san halin da ma'aikata ke ciki a wuraren da suke sayen kaya. A shekarar kuma Tarayyar Turai ta yi dokar hana shigo da kayan da aka sare daji aka noma bayan ƙarshen 2020: koko, kofi, manja, roba, waken suya, katako da shanu. An ɗage ranar fara aiki da ita, amma abin da take nema shi ne a nuna a taswira ainihin gonar da kaya ya fito. Riɗi da zoɓo ba sa cikin jerin. Sai dai mai saye da ya saba tambayar gona a kan koko ba zai daɗe ba zai yi tambayar a kan riɗi. A ofishinmu an riga an fara.

Mu ma mun sha namu ɗacin, ba mu dai mai da shi darasi ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari, wannan da muke kira fiya-fiya, da aka samu a cikinsa fiye da ƙima, kuma aka yi ta tsawaita dakatarwar shekara da shekaru. Meksiko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa rufe ƙofa saboda wani ƙwaron sito, manoman Jigawa suka ji jiki. Riɗinmu yana cikin kayan da ake tsaurara wa bincike a tashoshin Turai saboda ƙwayar cutar salmonela. A ina take shiga? A inda aka shanya riɗi a ƙasa kaji da awaki suna wucewa, a sito mai ɓeraye, a tsohon buhun da ba a san abin da ya ɗauka jiya ba. Duk wannan yana faruwa tun kaya bai ga wani mai digiri ba. Kuma waken da Turai ta ƙi karɓa, mu muka cinye shi da 'ya'yanmu. Wannan ya fi ci mini rai fiye da asarar dala.

To, wa yake da iko a kan waɗannan wurare? Ba manaja a Legas ba, ba ni a Rotterdam ba. Mai sito ne a Dawanau. Shi ke ba dillalai kuɗi su shiga ƙauye, shi ke cewa wannan kaya a karɓa wannan a mayar, shi ke ɗaukar matan da ke tsince zoɓo da 'yan dakon da ke lodi, shi ke yanke abin da za a zuba wa wake don kada ya yi ƙwari. Idan ana maganar shugaban da ke riƙe da sarƙar kaya, to shi ne. Wasu daga cikinsu kuɗin da ke bi ta hannunsu a kaka guda ya fi na kamfanonin wasu da muka zauna aji tare.

Nan ne bambancin ya fi fitowa fili a wurina. A nan, mai yanke shawara shi ke zuwa aji da kansa. Dattijon nan na kamfanin tufafi ya kashe wayarsa, ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, a sake. Kowa ya zo da matsalar kamfaninsa ta gaske, kuma ana jiran sa ya koma da abin da zai canza. Irin wannan karatu yana ko'ina: Jami'ar Erasmus da ke garin nan tana yi, Jami'ar Cambridge tana da na makonni ta intanet. A gida ma akwai wuraren da za su iya, kamar makarantar kasuwanci ta Legas, da ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, wadda tsakaninta da Dawanau ba wata tafiya ba ce. Amma tarukan bitar da na halarta a gida kafin in taho, a otal ake yi, da Turanci, mahalarta ma'aikatan gwamnati ne da na ƙungiyoyi. A ci abinci, a karɓi alawus da satifiket, a ɗauki hoto. Ban taɓa ganin mai sito ko ɗaya a ciki ba. In ma an gayyace shi, yaronsa mai jin Turanci zai tura, yaron da ba shi da ikon canza ko igiyar ɗaure buhu.

Wani zai ce Alhazan ne ba sa son karatu. Ban yarda ba. Mutanen nan jikokin fatake ne da suka riƙa kai jaki har Gwanja su ɗauko goro, kayan da in ba a yayyafa masa ruwa an juya shi a kan hanya ba sai ya lalace. Madugu yana da tsari, maigida mai saukar da baƙi yana tsaya wa baƙonsa a kan bashi, dillali yana da la'adarsa da sunansa da yake karewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru suka juya zuwa gyaɗa, har aka kai ga dalar gyaɗa da sunan Alhassan Dantata. Waya ta zo sun karɓa, tura kuɗi ta waya ya zo sun karɓa. Buhun PICS mai ciki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue suka fito da shi, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska ba tare da ɗigon magani ba, kuma a wurare da dama da aka nuna shi a fili a kasuwa aka buɗe bayan watanni, mutane sun saya. Ɗan kasuwa ba ya ƙin abin da ya ga amfaninsa da idonsa. Abin da yake ƙi shi ne a zaunar da shi kamar ɗan firamare a yi masa jawabi cikin yaren da ba nasa ba.

Abin da Baffa yake da shi amana ce, kuma ba ƙaramar kadara ba ce. Ya san dillalin da ke haɗa tsohon riɗi da sabo, ya san ƙauyen da kayansu ke zuwa da yashi. Matsalar ita ce amana ba ta haye teku. Mai saye a nan bai san Baffa ba, bai san mahaifinsa ba, ba su taɓa haɗuwa a jana'iza ko ɗaurin aure ba. Abin da zai iya karantawa lamba ce a jikin buhu, da littafin da ya nuna ranar da aka saya, da kasuwar, da sunan dillali, da sakamakon ɗakin gwaji. Wannan shi ne karatun da nake so a kai Dawanau: da Hausa, a cikin kasuwar, da damina lokacin da ciniki ya lafa, ga masu siton da kansu, ajin da bai wuce mutum 20 ba. A kawo kwantenar da aka taɓa mayarwa a bi sawunta tare, a ga inda ta lalace da abin da aka yi asara. A bar dattawan su ma su koyar, domin akwai abin da malamin jami'a bai sani ba game da yadda kuɗi ke shiga ƙauye.

Akwai kuma abin da na faɗa a ajin, wanda ba kowa ya ji daɗinsa ba. Duk sharuɗɗan nan kuɗi ne. Tamfol kuɗi ne, sabon buhu kuɗi ne, gwaji kuɗi ne, biyan mata masu tsinta haƙƙinsu yadda ya kamata kuɗi ne. Mu a nan muna aika takardar sharuɗɗa mai shafi da yawa, a wasiƙa ta gaba kuma mu nemi a rage farashi. Mai fitar da kaya ya matse mai sito, mai sito ya matse dillali, dillali ya matse manomi, wanda ba shi da wanda zai matsa sai gonarsa da 'ya'yansa. Ga shi Chaina da Turkiyya da Japan suna sayen riɗi da yawa, mai sito yana da inda zai kai kayansa in Turai ta cika tambaya ba ƙarin ko kwabo. Kwas ɗin da ya koya wa manaja bin diddigi bai koya masa biyan kuɗin bin diddigin ba, rabin aiki ya yi.

Daren da aka gama na kira Baffa. Bayan mun gaisa ya tambayi iyali da sanyi, na kwashe labarin na faɗa masa, har da batun lamba a buhu. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Ɗana, duk abin da ka faɗa ba mai wuya ba ne. Ƙanenka yana da boko, sai ya riƙe littafin. Dillalaina shida ne, kowa sai a ba shi alamarsa. Amma ka tambayi mutanen naka, in na yi haka, nawa za su ɗora a kan tan? Kuma su faɗa tun kafin a yanke riɗi, ba bayan kaya ya isa Legas ba."

Na ce, "To Baffa, zan tambaya."

Ranar Litinin na kai maganar ga shugabar sashenmu yadda ya faɗe ta, ban rage komai ba. Ta nemi in rubuto lissafin abin da tamfol da buhu da gwaji za su ci a kan kwantena biyu, za ta shigar da shi zaman da ake yi kafin sayen kakar bana. Jiya ƙanen nawa ya turo mini farashin tamfol daga kasuwa, saura na gwaji.