Linen Hall ta Belfast: kar ka je hannu rabbana

Duk mai binciken tarihin Ireland da ya je Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, ya tsallake Linen Hall, ya yi asarar kuɗin jirgi. Ɗakin karatun yana Donegall Square North, daura da ginin hukumar birni. Tun 1788 yake, kuma har gobe ba na gwamnati ba ne, ƙungiya ce ta mambobi. A ganina nan darajarsa take.

A 1968, da rikicin Ireland ta Arewa ya fara hayaƙi, ma'aikatan wurin suka shiga tara duk takardar da aka raba a titi: fastoci, bajoji, ƙananan jaridu, har katin Kirsimeti. Na masu son haɗewa da Jamhuriyar Ireland da na masu goyon bayan Birtaniya, duk rumbu ɗaya. Yau sun haura 350,000. Wane ɗakin karatun gwamnati ne zai yi ƙarfin halin adana takardun ƙungiyoyin da gwamnatin ta haramta?

Shiga kyauta ne, aron littafi kuwa sai mamba. Amma irin waɗannan kayan ba a kan kanta suke ba, sai an ɗauko maka. Tura musu imel tun kafin ka taso, ka faɗi shekara da batu takamaimai. "Ina son komai a kan rikicin" ba tambaya ba ce. Riƙe fensir, don tawadar biro ba ta gogewa a tsohuwar takarda, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto da waya.

Masu bin salsala su suka fi shan wahala. Sunan dangi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Nemo sunan gundumar ƙauyen, wato townland, tunda sun haura 60,000 a tsibirin. Kada ka ɓata yini kana neman ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851: mafi yawanta ta ƙone a Dublin a 1922. Ta 1901 da 1911 kuwa suna intanet kyauta, duba su tun daga gida.

Sai tarkon tsohuwar jaridar Belfast News Letter. Kafin 1752 sabuwar shekara a hukumance a Ireland 25 ga Maris take kamawa, don haka Fabrairun da aka buga wa 1745, a lissafinmu na yau 1746 ne. Duba shekarun biyu kafin ka ce labarin babu.