Gano tushen cuta rabin aikin haɗa magani ne

A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka hango wani guntun kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta) a jinin masu wani nau'in sankarar jini da ake kira CML. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar yanki. Wannan haɗin yana samar da furotin BCR-ABL, wanda ke sa fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa babu birki. Da aka san haka, sai masana suka nemi sinadarin da zai toshe gurbin da furotin ɗin ke kama ATP, sinadarin da ke ba ƙwayoyin jiki makamashi, tunda sai da shi yake aiki. Imatinib ke nan, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, ana shan miligiram 400 a rana.

Ko da maganin ya daina ci a jikin wasu, an san inda za a duba. A wasunsu furotin ɗin ya sauya a matsayi na 315 cikin jerin amino asid, wato tubalan da aka gina shi da su, imatinib ya kasa zama a gurbinsa. Aka ƙera ponatinib ta yadda zai kauce wa wannan sauyin, ya fito a 2012.

Sikila kuwa ta nuna iyakar wannan hanya. Tun shekarun 1950 aka san cewa amino asid ɗaya ne ya sauya a himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Idan himogulobin ɗin ya saki iskar oksijin sai ya dunƙule, jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Maganin voxelotor yana sa himogulobin ya riƙe oksijin don kada ya dunƙule, kuma a takarda dabarar ba ta da makusa. Amurka ta ba shi izinin gaggawa a 2019 saboda yawan jinin majinyata ya ƙaru a gwaji. A Satumban 2024 kamfanin da ke yin sa ya janye shi daga kasuwannin duniya, bayan bayanai sun nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace cikin masu shan sa.

A ganina gaggawar tana wajen awo. Yawan jini lamba ce da ake samu cikin 'yan watanni, amma abin da ke kai mai sikila asibiti da tsakar dare shi ne ciwon ƙashi. Duk hukumar da za ta ba da izinin gaggawa bisa lambar ɗakin gwaji, ya kamata ta yanka wa kamfani wa'adin kawo alƙaluman tashin ciwo, kwanciya asibiti da mutuwa, ta kuma soke izinin in wa'adin ya wuce bai kawo ba.