Judi Dench ba a fina-finan James Bond ta fara ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa Judi Dench ta fara sana'arta ne da fitowa a matsayin M, shugabar hukumar leƙen asiri a fina-finan James Bond, alhali kuwa lokacin da GoldenEye, fim ɗin Bond da ta fara fitowa a cikinsa, ya fito a 1995 tana da shekara 60, kuma ta riga ta yi kusan shekara 40 tana wasan kwaikwayo a dandamali.

An haife ta a Ingila a 1934, ta kuma fara aiki da kamfanin wasan kwaikwayo na Old Vic a 1957, inda ta fito a matsayin Ophelia a wasan Hamlet na Shakespeare. A 1976 ta fito a matsayin matar Macbeth a wasan Macbeth na Shakespeare tare da ɗan wasa Ian McKellen, a wani ƙaramin zaure inda 'yan kallo ke zaune dab da 'yan wasa, babu damar yankewa a sake ɗauka idan harshe ya kuɓuce. Wannan horon, a ganina, shi ne ya sa fitowarta ta kimanin minti 8 kacal a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a fim ɗin Shakespeare in Love ta ishe ta lashe kyautar Oscar a 1999. Ko lambar girma ta Dame ma tun 1988 aka ba ta.