Yaran da suke ruwa biyu ma suna da labari, kuma ba na soyayya ba ne kawai

Duk mai karanta littattafan Hausa na yanzu, na takarda ne ko waɗanda ake turawa a guruf-guruf na WhatsApp da Wattpad, ya san wannan yarinyar: fara sol, gashi har gadon baya, babanta Bahaushe mamanta Balarabiya ko Ba'indiya ko Buzuwa. An ce ruwa biyu ce, shi ke nan an gama da zancen asalinta, sai a shiga soyayya da kishi. Ni dai abin nan yana damuna sosai, don marubutanmu sun mayar da asalin yaran nan kayan kwalliya, alhali a zahiri akwai nauyi a ciki wanda ba kowa ke gani ba, musamman ranar da mutuwa ta shigo gidan.

Ku ɗauki yarinya 'yar shekara 13 a Kano, uba Bakano, uwa Bayarabiya 'yar Ogbomosho da iyayenta suka zo fatauci suka zauna Sabon Gari. Uban ya rasu. Ranar sadakar uku dangin uba suna kan tabarmarsu, dangin uwa da suka kwana a mota suna gefe kan tasu, ita ce ke kai kwanon abinci nan da can, ita ce tafinta, tana ji da kunnenta wata goggo na cewa ai jinin uwarta ya fi yawa a jikinta, can kuma ana ce mata 'yar Hausawa. Kowa sai ya dafa ta ya ce yi haƙuri, sai addu'a, kuma gaskiya ne addu'ar ce mamaci ke buƙata, amma ba wanda ya tambaye ta me ke cin ta. Uwar za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, bayan nan fa? Idan ta koma garinsu yaran su bi ta ko su zauna gidan baffa? Duk inda aka zaɓa akwai harshen da yarinyar za ta fara mantawa da kakar da za ta daina gani. Gobe kuma in ta je neman takardar indijin don shiga jami'a a sake tambayarta ita 'yar ina ce.

To wannan ba labari ba ne? Wallahi ya fi na attajirin saurayi mai jirgin sama.

Kuma ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya fito a 1934 labarin maraya ne da aka sace aka ƙetara da shi hamada ya tashi a hannun Balarabe, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Tun wancan lokacin an san rashi da rabuwa da gida abin rubuta wa matasa ne, sai dai tun da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980 kasuwa ta karkata wajen soyayya da zaman aure, 'yan sakandare kuma aka bar su suna karanta abin da aka rubuta don manya.

Na san wasu za su ce me ya kai mu tayar wa yara da hankali da zancen mutuwa, ko kuma irin wannan labari zai hura wutar ƙabilanci. Ban yarda ba. Yaron da ya rasa uba hankalinsa ya riga ya tashi, abin da ya rage masa shi ne ya ga ba shi kaɗai ba ne, kuma a gidajenmu da kunya ke hana yaro buɗe ciki gaban manya, ga namiji an ce ba ya kuka, littafi a ƙarƙashin filo yana iya yin abin da baffa da kawu suka kasa. Ƙabilancin kuwa yana nan ko an rubuta ko ba a rubuta ba, ɗan ajinsu da ke tsokanar sa da sunan ƙabilar uwarsa shi ya fi kowa buƙatar ya karanta.

Waɗanda ya kamata su rubuta ma suna nan da yawa, yaran ne da suka girma. Akwai su a Fagge cikin jikokin Kwarori, wato Larabawan Labanon da Siriya, akwai su a Agadas da Damagaram, a Nima ta Accra da zangon Kumasi, har Mai Wurno ta Sudan inda zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka auri mutanen ƙasar. Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta nuna in aka buɗe ƙofa masu labari za su fito. Roƙona ga masu shirya gasa da masu ɗab'i shi ne su ware fanni na 'yan shekara 12 zuwa 17, kuma in ɗan Kumasi ya kawo labarinsa da Hausar zango mai gauraye da harshen Twi, don Allah kar edita ya zauna ya goge ta ya mayar da ita Kananci.