Ba zinari ko kirifto ne zai gyara mana naira ba

Tun da aka saki naira ta nemo wa kanta farashi a watan Yunin 2023, zance biyu ne suka cika mana shafukan sada zumunta. Matasanmu na cewa kuɗin takarda ya gama yayi, kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ne mafita. Wasu malamai da dattawa kuma na cewa a koma wa dinare da dirhami, ko aƙalla a jingina naira da zinari. Duk ɓangarorin biyu ciwo ɗaya ne ya sa su magana, kuma ciwon gaskiya ne. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekarar. Mai fansho da 'yar adashe da malamin firamare suna ji suna gani guminsu ya narke a hannunsu ba tare da ɓarawo ya shigo musu gida ba.

Ni dai ra'ayina shi ne, babu ɗaya daga cikin magungunan nan biyu da ya taɓa asalin cutar.

Zinari yana da girma a wurina, kuma ina ganin iyayenmu mata sun fi mu gane shi. Matar da ta sayi sarƙa da awarwaro shekara goma da suka wuce ta fi wanda ya bar kuɗinsa a asusun ajiya nesa ba kusa ba. Shari'a ma da zinari take auna mana nisabin zakka, misƙali 20, wajen giram 85, da mafi ƙarancin sadaki, rubu'in dinare, da diyyar rai, dinare 1,000. Wannan hikima ce babba, domin ma'aunin da gwamnati ba za ta iya bugawa a inji ba shi ne ya dace a auna haƙƙin talaka da shi. A matsayin ajiya da ma'auni, ba ni da ja.

Amma "kuɗin da aka jingina da zinari" wani abu ne daban. Ba zinari za a ba ka ka shiga kasuwar Singa da shi ba. Takarda za a ba ka, da alkawarin cewa akwai zinarinka a rumbun gwamnati, duk ranar da ka so ka zo ka karɓa. To wa ke riƙe da makullin rumbun? Wannan gwamnatin dai da muke kuka da ita. Kuma tarihi ya nuna abin da gwamnatoci ke yi da irin wannan alkawari in wuya ta yi wuya. Ingila ta janye daga tsarin a Satumbar 1931. Amurka ta umarci 'yan ƙasarta su miƙa zinarinsu ga hukuma a 1933, bayan ta karɓa a kan dala 20.67 kowane oza, sai ta mai da farashin dala 35. Aka zo yarjejeniyar Bretton Woods a 1944, duniya ta jingina da dala, dala ta jingina da zinari. Da kuɗin yaƙin Biyetnam ya yi yawa, ƙasashe irin su Faransa suka fara zuwa karɓar zinarinsu, sai Shugaba Nixon ya rufe ƙofar a ranar 15 ga Agustan 1971. Idan ƙasar da ta fi kowa zinari ta karya alkawarin, me zai hana mai ƙaramin ƙarfi?

Ba ma sai mun je nesa ba. A Afrilun 2024 Zimbabuwe ta fito da sabon kuɗi mai suna ZiG, ta ce zinari da kuɗaɗen waje ne ke bayansa. An fara da 13.56 a kan dala ɗaya. Kafin ƙarshen Satumba, babban bankin ƙasar da kansa ya karya darajarsa da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Zinarin yana nan a rumbu, amma mutanen da hauhawar farashi ta taɓa cinye wa ajiyarsu a 2008 ba su yarda da mai makullin ba, suka ci gaba da neman dala.

Sannan mu, wane zinarin gare mu? Abin da ke Babban Bankin Najeriya bai wuce tan 21 da 'yan kai ba, Amurka kuwa tana da sama da tan 8,000. A farashin ƙarshen 2024, namu bai kai dala biliyan 2 ba, alhali kuɗin da ke yawo a hannun jama'a da bankuna ya haura naira tiriliyan 100. Wanda ke ƙarƙashin ƙasa a Anka da Maru kuwa, mun san hanyar da yake bi ya fita, mun kuma san abin da ya bari a baya: gubar dalma daga haƙar zinari da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, da bindigogin da har yanzu ba su yi shiru ba. Raina yana ɓaci in na ji ana lissafa zinarin Zamfara a baki kamar yana cikin baitulmali.

Kirifto kuma, zan faɗi alherinsa tukuna. Bitcoin guda miliyan 21 ne kacal za a taɓa samarwa, babu gwamnan bankin da zai ƙara ko ɗaya. Duk wanda ya kwana a layin ATM lokacin canjin kuɗi na farkon 2023 zai fahimci abin da ya sa matashi ke son dukiyar da ba wanda zai kulle masa. Sai dai kuɗi abin yanka ciniki ne da cin bashi da biyan albashi. Bitcoin ya kai wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara ɗaya ya dawo wajen 16,000, daga baya ya haura 100,000. Wane ɗan kasuwar Dawanau ne zai ba da buhun masara bashi zuwa kaka da irin wannan ma'auni? El Salbado ta mai da shi halastaccen kuɗin ƙasa a 2021, yawancin jama'arta ba su yi ciniki da shi ba, a farkon 2025 ta sassauta dokar domin samun rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta gwada a 2022, ta janye bayan shekara guda.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke zuwa mana da sunan kirifto. Yaranmu sun kwana suna danna waya a 2024 da sunan mayinin, wato haƙar kirifto, da yawansu abin da suka samu bai biya kuɗin data ba. A Afrilun 2025 wata manhajar zuba jari mai suna CBEX ta rufe da dukiyar dubban 'yan Najeriya, bayan ta yi musu alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya. Na san masu ilimin harkar za su ce wannan damfara ce, ba kirifto ba ce, kuma gaskiyarsu. Amma tsarin da in an cuce ka babu wanda za ka kai wa ƙara, ba tsarin da za a ɗora wa tsohuwa mai ƙosai ba ne.

Ku lura kuma da abin da 'yan kasuwarmu masu sayo kaya daga Sin suke amfani da shi in sun shiga kirifto. Wani kirifto mai suna USDT suke saya, wanda kowane ɗaya daidai yake da dala ɗaya, kuma yawancin abin da ke bayansa takardun bashin gwamnatin Amurka ne. Wato kuɗin takardar wata ƙasa suke gudu zuwa gare shi, hanyar ce kawai ta tashi daga kasuwar 'yan canji ta Wapa ta koma cikin waya. Maƙwabtanmu na Nijar ma takarda suke kashewa, sefa, an ɗaure ta a kan 655.957 kowane yuro. Akwai maganar 'yancin kai a kanta, kuma magana ce mai nauyi, an ma taɓa raba darajarta biyu a Janairun 1994. Duk da haka ɗan Maraɗi bai ga irin hauhawar da ɗan Katsina ya gani a 'yan shekarun nan ba, saboda an taƙaita wa gwamnatocinsu damar sa hannu a injin buga kuɗi.

Mu ma muna da irin wannan takunkumi a rubuce. Sashe na 38 na dokar Babban Banki ta 2007 ya ce rancen da bankin zai ba gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. Aka yi ta tsallake shi shekara da shekaru, har bashin ya kai naira tiriliyan 22.7. A Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mai da shi bashin shekara 40, wanda jikokinmu za su biya. Waɗannan tiriliyoyin kuɗi ne da aka ƙirƙira ba tare da an ƙara ko kwanon gero ɗaya a kasuwa ba, kuma su ne muka biya a farashin shinkafa da magani. Mutanen da suka taka wannan doka, da doka ce ta zinari ma da sun taka ta.

Shi ya sa nake roƙon masu ilimi a cikinmu, malaman addini da na boko, su karkato da muhawarar nan zuwa inda za ta yi amfani. Duk wanda ya zo neman ƙuri'armu zuwa majalisar tarayya, mu tambaye shi matsayinsa a kan sashe na 38, da hukuncin da yake so a yi wa gwamnan banki ko ministan kuɗin da ya sake tsallake shi, da kuma ko zai tilasta a riƙa bayyana wa jama'a adadin wannan rance duk wata.