Kafin Ka Ce Wayarka Ta Gama Yayi, Ka Gano Ciwonta Tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa.

Akwai wata magana da na gaji da jinta a bakinmu: "Wayar nan nauyi take yi, canza ta zan yi." Mai faɗar haka yana riƙe da wayar da ba ta cika shekara uku a hannunsa ba, ko tsagewa babu a gilashinta. Ka tambaye shi mene ne takamaimai yake nauyin, sai ya ce komai. Ka sake tambayarsa yaushe abin ya fara, sai ka tarar ya yi daidai da makon da abokinsa ya sayi sabuwa, ko ranar da ya kwana yana kallon bidiyon masu buɗe kwalin waya a YouTube. Ni ma na taɓa shiga wannan hali, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Waya tana nauyi, wannan gaskiya ne. Amma nauyi kamar zazzaɓi yake, alama ce ta wani ciwo, kuma ciwon ya bambanta daga waya zuwa waya. Yawancinmu da zarar ta fara maƙalewa sai mu ɗora laifin kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan wayar, mu ce ta tsufa. Alhali furosesa ba ta gajiya kamar ƙafar mutum. Ƙarfin da aka ƙera ta da shi yana nan. Abin da ke kewaye da ita ne ke lalacewa, mu kuma mu bar jaki muna dukan taiki.

Jakin nan, sau da yawa, batir ne. Batirin lithium da ke cikin wayoyinmu yana raguwa da kowane zagayen caji. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta an tsara shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken zagaye 500, na iPhone 15 zuwa sama kuma zagaye 1000. Ka yi lissafi da kanka. Wanda yake ƙarar da cajinsa kaf kullum, zai cika zagaye 500 kafin shekara ɗaya da rabi. Kuma matsalar tsohon batir ba ta tsaya ga saurin mutuwa ba. Idan furosesa ta buƙaci wuta mai yawa a lokaci ɗaya, misali ka buɗe kyamara ko wani wasa mai nauyi, tsohon batir ya kan kasa bayarwa, sai wayar ta ɗauke gaba ɗaya ko da tana nuna sauran caji. Don gudun haka, wasu wayoyin sukan rage gudun furosesa da kansu. Kai kuma abin da za ka gani kawai shi ne waya ta zama kunkuru.

Wannan ba hasashe ba ne. A watan Disamba na 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu tsofaffin iPhone, irin su 6 da 6s da 7, idan batirinsu ya yi rauni, bayan da masu gwaji suka lura cewa wayar da aka sauya wa batir takan dawo da saurinta. Kamfanin ya nemi afuwa, ya rage kuɗin sauya batir a 2018, ya kuma ƙara wurin duba lafiyar batir a cikin saitin wayar. A 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Ka yi tunanin mutumin da a wancan lokaci ya rabu da wayarsa yana cewa ta tsufa, alhali batir kaɗai take nema. Don haka abu na farko, ɗan'uwa, shiga saiti ka duba lafiyar batirinka. Idan wayarka ba ta nuna wannan, mai gyara na ƙwarai zai iya auna maka. In ya faɗi ƙasa da kashi 80, ka sauya shi da mai kyau, sannan mu sake zama mu yi maganar nauyi.

Na biyu shi ne cikar ma'aji, abin da muke kira memori. Irin ma'ajin da ke cikin waya sai ya goge wuri kafin ya sake rubutu a kansa, don haka yana buƙatar fili na juyawa. Idan ka cika shi maƙil, kowane ɗan aiki sai ya jira. Mu kuwa mun san halinmu. Guruf ashirin a WhatsApp, kowanne yana zubo bidiyo, wayar tana saukewa da kanta ba dare ba rana, wani bidiyon ma sau huɗu ya shigo ta hanyoyi daban-daban kuma ba ka kalli ko ɗaya ba. Hotuna dubu bakwai, rabinsu hoton abu ɗaya ne da aka ɗauka sau goma don a zaɓi ɗaya, aka manta ba a zaɓa ba. Ka zauna yini guda ka yi shara, ka kashe saukewar kai-tsaye, ka bar wa wayar aƙalla kashi ɗaya cikin goma na ma'ajinta a buɗe, za ka ga bambanci.

Sai dai ina roƙonka, kar ka yi sharar da manhajojin nan masu alkawarin ƙara wa waya gudu, masu hoton tsintsiya ko roka. Abin da suke yi shi ne rufe manhajojin da ke jira a baya, wayar kuma ta sake buɗe su daga farko, ta ci wuta, ta ƙara jinkiri, su kuma su cika maka fuska da talla. Garin neman ƙiba ka samo rama.

Zafi ma yana da nasa rabon. Duk wayar zamani idan ta ɗauki zafi takan rage gudunta don kar ta lalace. Kana caji, kana buga wasa, ga kauri na rigar roba da ka sa mata, ga rana tana dukanta, sannan ka ce ba ta da ƙarfi. Masu ƙera wayoyi suna gargaɗi kan amfani da su a zafin da ya haura digiri 35, domin zafi shi ne babban abin da ke tsofar da batir da wuri. Wani lokaci kuma wayar ba ta da laifi ko kaɗan, sabis ne mara kyau. Gwajin wannan mai sauƙi ne: kashe data, buɗe kyamara, buɗe hotuna, buɗe saiti. Idan waɗannan suna buɗewa nan take, sai abin da ke buƙatar intanet ne kawai ke juyawa, to wayar da ta fi kowace tsada a duniya ma haka za ta yi ta juyawa a wurin da kake zaune.

Yanzu mu zo kan lambobin da suke ruɗarmu. Za ka ji matashi yana cewa tasa ta samu maki kaza a AnTuTu ko Geekbench, sabuwar da ta fito kuwa ta ninka. Waɗannan manhajojin gwaji ne da ke matsa wa waya lamba na 'yan mintuna su ba ta maki. Suna da amfaninsu ga masu nazari, amma ba su auna yininka. Kai aikinka saƙo ne, kira, kallon bidiyo, karatu, tura kuɗi, ɗaukar hoto. Wayar matsakaiciya ta shekaru uku ko huɗu da suka wuce tana yin waɗannan ba tare da ta yi gumi ba. A ce ma an gaya maka sabuwar ta fi taka gudu da kashi 20 cikin 100. Manhajar da take buɗewa a daƙiƙa ɗaya yanzu za ta buɗe a ƙasa da daƙiƙa ɗaya da ɗan abin da ƙiftawar ido ta fi shi. A kan wannan za ka zubar da tarin da ka yi na watanni?

Kuma su kansu lambobin an sha yi musu kwaskwarima. A 2013 masu bincike suka gano Galaxy S4 ta Samsung tana sakin cikakken ƙarfinta idan ta gane manhajar gwaji ce ake gudanarwa. A 2018 masu manhajar gwaji ta 3DMark suka cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu kan irin wannan dalili. A 2022 Geekbench ya cire Galaxy S22 da wasu da suka gabace ta, bayan an gano wata manhaja a cikinsu tana rage gudun wasanni amma tana ƙyale manhajojin gwaji. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Makin da aka samu a minti biyar waya tana sanyi ba ya gaya maka yadda za ta kasance bayan ka yi rabin sa'a kana aiki ta ɗauki zafi.

Wani zai ce, to ai na taɓa sabuwar abokina, na ji santsinta da hannuna. Ka ji, ban musa ba. Amma abu biyu ne suka haɗu a wurin. Tasa sabuwa ce fil, babu tarkacen shekara uku a cikinta, batirinta kuma ɗanye. Sannan galibin sababbin wayoyi fuskarsu tana sabunta hoto sau 90 ko 120 a daƙiƙa, tsofaffi kuma sau 60. Wannan yana sa jan shafi ya yi laushi a ido, abu ne mai daɗi, amma saƙonka ba zai riga na kowa isa ba saboda shi. Bayan mako biyu idon ya saba, ka daina lura.

Akwai dai lokacin da canzawa ita ce daidai, kuma wanda ya kai wannan matsayi kar ya ji ina hana shi. Mafi girman dalili a wurina shi ne idan kamfanin ya daina turo wa wayarka sabuntawar tsaro, wato gyaran da ke toshe ramukan da masu kutse ke shiga ta ciki. A cikin wayar nan asusun bankinka yake, da hotunan iyalinka, da hirarrakin da ba ka so kowa ya gani. Duk ramin da aka gano bayan an daina sabunta ta, haka zai zauna a buɗe. Shiga saiti ka duba ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Idan ta haura shekara da yawa kuma babu wata mai zuwa, wannan ya fi nauyin waya zama abin damuwa, ko da tana gudu kamar barewa. Daga baya ma manhajoji sukan janye, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5.0 a watan Oktoba na 2023.

Ƙarancin RAM shi ma ba shi da magani. RAM shi ne teburin da waya ke baza aikin da take yi a yanzu. Idan gigabait 2 ko 3 gare ka, za ka ga ka fita daga manhajar banki don kwafo lamba, ka dawo ka tarar ta fara daga farko. Ba a ƙara RAM a waya kamar yadda ake yi a wasu kwamfutoci. Abin da wasu kamfanoni ke tallatawa da sunan ƙarin RAM, wanda za ka ga an rubuta 4+4 ko 8+8, wani yanki ne na ma'aji aka aro, kuma ma'aji bai kama ƙafar RAM na gaske a sauri ba. Haka nan wanda sana'arsa ta rataya a kan waya, mai tace bidiyo ko mai ɗaukar hoton kaya yana tallatawa, idan kullum sai ya yi asarar sa'o'i yana jiran ta gama fitar da aiki, wannan kayan aiki yake saye, lissafinsa daban ne da na mai sha'awa.

In ka kai ga saye, 'yar'uwa ko ɗan'uwa, ka sani cewa sabuwa ba lallai ta fi tsohuwa ƙarfi ba. Ƙaramar waya ta bana tana iya kasa babbar waya ta shekaru uku baya, kuma kamfanoni sukan sake fito da furosesar bara a cikin sabon jiki da sabon suna. Ka duba sunan furosesar ka kwatanta da ta hannunka. Ka duba irin ma'ajin, ko wanda ake kira UFS ne ko eMMC, domin na biyun ya fi jinkiri sosai kuma shi ake yawan sa wa masu araha. Sannan ka tambayi shekara nawa aka yi alkawarin sabunta ta. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 a 2023, Samsung ma ya yi haka ga Galaxy S24 a farkon 2024, yayin da wasu wayoyin shekara biyu kacal ake kula da su a watsar. Mai shekara 7 ɗin nan, in ka sauya mata batir sau ɗaya ko biyu a hanya, ta ishe ka tsawon lokacin da wani zai sayi waya uku.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda zai ci bashi, ko ya shiga biyan kaɗan-kaɗan na shekara biyu, ko ya taɓa kuɗin makaranta ko jarin sana'a, duk don wayar da zai ci gaba da yin abin da yake yi a tsohuwar. Kafin ya gama biya an fito da wasu biyu a bayanta, ya koma inda ya fara, ga bashi a wuya. Idan sha'awa ce kawai, kuma kana da halin da ba za ka tauye hakkin kowa ba, ka kira ta da sunanta, ka ce ina so ne. Wannan ya fi ka ƙaƙaba wa waya laifin da ba ta yi ba. Tsohuwar kuma kar ta ƙare a aljihun tebur ko a bola. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba aka tabbatar an sake sarrafa shi. Ka goge bayananka ka sayar, ko ka ba wa ƙaninka da ke buƙata.

Tawa wayar da na so rabuwa da ita, abin da na yi mata bai wuce uku ba. Na kai aka sa mata sabon batir. Na kwashe hotuna da bidiyo zuwa kwamfuta, kusan gigabait 40. Na adana lambobi da hirarraki, na mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, sannan na dawo da manhajojin da nake buɗewa a kowane mako kawai, sai ga shi ba su kai rabin waɗanda ke ciki da farko ba. Na ba kaina wata ɗaya, na ce idan ta ci gaba da maƙalewa zan canza ba tare da jin komai ba. Da ita na rubuta muku wannan, kuma sabuntawar tsaronta tana da sauran shekara guda.