Shafi biyu na godiya, layi biyu na labari

Jama'a, rubutun yau zai yi tsawo. Mai sauri ya wuce abinsa, ba laifi.

Daga bakin 'yata na fara jin cewa shugabar makarantarsu ta Katolika, wata sista, za ta tafi. Ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Baba, wai Sista za ta bar mu." Na ce wa ya faɗa miki? Ta ce wata 'yar ajin ƙarshe ce ta jiyo a bakin wata malama. Sai bayan kwana tara wasiƙar makaranta ta shigo wayata, shafi biyu cif. An buɗe da gaisuwar salama da aya. An yi wa Sista godiya, an lissafa ajujuwan da aka gina a zamaninta, an roƙe mu mu sa ta a addu'a. Can ƙasa, dab da sa hannu, aka rubuta cewa mataimakinta zai yi riƙon ƙwarya, kuma "za a yi ƙarin bayani idan lokaci ya yi". Shi ke nan.

Na karanta sau biyu, na miƙa wa maiɗakina. Ta gama ta dube ni ta ce, "To, me suka ce?" Tambayar nan tata ce ta sa nake wannan rubutu.

Tafiyar Sista ba ta ɓata mini rai ba. Duk wanda ya taso cikin Katolika ya san sista ba ta da ikon kanta a wannan fanni. Ta yi alkawarin biyayya, idan shugabar ƙungiyarsu ta ce ta tattara kayanta ta koma wani gida, tafiya za ta yi, wani lokaci ma ita kanta ba ta daɗe da sani ba. Muƙami a irin waɗannan ƙungiyoyi da wa'adinsa yake zuwa, galibi shekara uku ko shida. Wannan duk na fahimta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a rubuta wa iyaye shafi biyu ba tare da an taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwan da uba ko uwa za su kwana suna juyayi a kai ba. Wa zai zaɓi sabon shugaba, Bishop ko ƙungiyar sistocin ko hukumar gudanarwa? Riƙon ƙwaryar nan na zango ɗaya ne ko na shekara? Mataimakin da aka ɗaga sama, shi ne ke kula da 'yan ajin jarrabawa, to yanzu wa ke riƙe da su? Yarinyar da ke da matsalar da Sista kaɗai ta sani, wa aka danƙa wa maganarta?

Na daɗe ina tunanin inda wannan ɗabi'a ta samo asali, kuma ban ga mugunta a ciki ba. Gado ne. A da, makarantar Katolika kusan reshe ce ta gidan sistoci ko na fada-fada. Wata sista ta tafi, wata ta zo, sutura iri ɗaya, ƙa'ida iri ɗaya, ƙararrawa a lokaci ɗaya. Iyaye ba su da dalilin yawan tambaya, domin da ƙungiyar suka ƙulla amana, ba da mutum ɗaya ba. Yanzu lamarin ya juya. A Amurka, inda a farkon ƙarni na 20 sistoci da 'yan uwansu maza masu alkawari ne mafi yawan masu koyarwa a makarantun Katolika, yau fiye da kashi 90 cikin 100 na malaman mutane ne kamar ni da kai, masu aure da 'ya'ya da albashi. Tun 1982 ofishin Batikan mai kula da ilimi ya fitar da takarda guda a kan irin waɗannan malamai, don ya ga inda abin ya dosa. Shugaban makaranta na yau sau da yawa neman aiki ya yi, aka yi masa tambayoyi, ya sa hannu a kwantiragi, kuma yana iya barin aikin idan wata makaranta ta yi masa tayin da ya fi. Zuwansa na iya canza jadawali, salon horo, har da malaman da za su zauna da waɗanda za su tafi. Makaranta ta canza, amma salon wasiƙa yana nan irin na gidan sistoci, inda shugaba ke faɗa a ce "to" a sunkuyar da kai.

Ga wani abu da yawancinmu iyaye ba mu sani ba, ni ma sai da na zauna na karanta. Mu kan ɗauka tambayar hukumar makarantar coci rashin kunya ne, alhali Ikilisiya da kanta ta ba mu wannan matsayi a rubuce. A ranar 28 ga Oktoba 1965, Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da sanarwarta a kan tarbiyyar Kirista, inda ta ce iyaye su ne malaman farko kuma na gaba-gaba ga 'ya'yansu. Kundin dokokin Ikilisiya da Paparoma John Paul na Biyu ya ƙaddamar a 1983 ya ƙara fito da abin fili. Doka ta 796 ta ce iyaye su haɗa kai da malamai, malamai kuma su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da iyaye, a saurare su da yardar rai, a kafa musu ƙungiyoyi ko tarurruka, a kuma ɗauki waɗannan da daraja. Da yardar rai fa aka ce. Ba irin sauraron da ake yi ana duba agogo ba.

Kundin ya kuma fayyace wa ke da iko da me. Doka ta 803 ta ce babu makarantar da za ta ɗauki sunan Katolika sai da amincewar hukumar Ikilisiya. Ta 805 ta ba Bishop ikon naɗa ko amincewa da malaman addini, da kuma cire su idan ta kama. Ta 806 ta ba shi ikon sa ido da ziyartar duk makarantun Katolika da ke dayosis ɗinsa, wato yankin da yake shugabanta, har da na ƙungiyoyin sistoci da fada-fada, ko da yake su ke tafiyar da harkokinsu na cikin gida. A cikin wannan dokar ce kuma aka ce dole karatun makarantar ya kai aƙalla na sauran makarantun yankin inganci. Ke nan uban da ya tambayi dalilin faɗuwar yara a lissafi bai fita daga tarbiyya ba, doka yake tuna wa mutane.

Tsarin kuwa ba ɗaya ba ne ko'ina, shi ya sa bayani ya zama dole. A Ingila, yawancin 'yan hukumar gudanarwar makarantar Katolika Bishop ne ko ƙungiyar da ta mallaki makarantar ke naɗa su, kuma bishop-bishop na ƙasar sun ce kujerar shugaba da ta mataimakinsa da ta shugaban sashen addini sai ɗan Katolika mai riƙo da addininsa. A Amurka makarantun sakandare da yawa sun raba kujerar gida biyu, ɗaya na neman kuɗi da hulɗa da waje, ɗaya na kula da karatu da malamai. Wata makaranta ta dayosis ce, wata ta ƙungiya, wata kuma tsofaffin ɗalibai da iyaye ne ke riƙe da ita da izinin Bishop. Na tambayi iyaye huɗu a bakin ƙofa ranar ɗaukar yara, wa ya mallaki makarantar nan tamu? Amsa uku daban na samu, na huɗun dariya kawai ya yi. Layi ɗaya a wasiƙa ya isa ya kashe wannan ruɗani.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Ba kowane dalili ake faɗa ba. Shugaba na iya tafiya saboda ciwo, ko matsalar iyali, ko saɓani da hukuma da bai kamata a baza a gaban yara ba. Doka ta 220 ma ta kare mutuncin mutum da sirrinsa. Na yarda ɗari bisa ɗari. Ban nemi a buɗe mini fayil ɗin kowa ba. Amma akwai bambanci tsakanin a ce mini "akwai dalilin da ba za mu iya faɗa ba, sai dai bai shafi tsaron 'ya'yanku ko kuɗin makaranta ba" da a lulluɓe ni da ayoyi a bar ni ina lalube. Na farkon ya ɗauke ni babba mai hankali. Na biyun ya ɗauke ni wanda ake lallaɓawa.

Kuma, a gafarce ni, dole in taɓo inda ke ciwo. Kalmar "an yi masa canjin wurin aiki" tana da mugun tarihi a Ikilisiyarmu. Duniya ta ji yadda a ƙasashe da dama aka riƙa ɗauke wanda ake zargi da lalata da yara a mayar da shi wani wuri shiru, iyaye ba su sani ba. Wannan ne ya kai Paparoma Francis ga kafa doka a 2019 da ta wajabta wa fada-fada da sistoci kai rahoton irin wannan zargi, ta kuma umarci kowace dayosis ta samar da hanyar karɓar ƙorafi. Babu ko ƙwayar zargi a kan Sistarmu, Allah ya sani mace ce mai amana, 'yata ta yi kuka da ta ji za ta tafi. Amma bayan duk abin da ya faru, hukumar makarantar Katolika ba ta da damar yin mamaki idan shirunta ya tayar wa iyaye hankali. Shirun nan masu gaskiya yake cuta, domin a cikin kwana taran nan na ga abin da aka rubuta a kan baiwar Allahn nan a zauren WhatsApp na iyaye. Wani ya ce kuɗi ne suka ɓace. Wata ta ce faɗa ta yi da Fada. Wani ya rantse makarantar ma sayar da ita za a yi. Da wasiƙa ta riga jita-jita isowa, da ba a kai nan ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Mu ma iyaye da namu laifin, kada a ce na ɗora wa wasu kaya na zame. Wasiƙun makaranta nawa na buɗe na duba ko akwai maganar kuɗi, da ban gani ba na rufe? Taron iyaye da malamai na bara ban je ba, na ce aiki ya yi yawa. Muna da ƙarfin hali a waya da tsakar dare, amma idan Fada ya tsaya a gaban zaure ya ce akwai mai tambaya, sai kowa ya kama duban takalminsa. Wanda ya saba magana da mutanen da ba sa amsawa, a hankali zai daina ganin amfanin yin bayani.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su gaba ɗaya. A makarantun Katolika da yawa a duniya, ɗalibai da dama ba 'yan Katolika ba ne, akwai Musulmi, akwai 'yan wasu ɗariku. Iyayensu sun kawo su ne saboda tarbiyya da karatu. Idan ni da na taso a cikin abin na rasa gane bambancin ikon Bishop da na shugabar sistoci, ina ga su? Wasiƙar da aka cika da kalmomin cikin gida tana nuna musu cewa su baƙi ne, alhali kuɗi ɗaya muke biya, amana ɗaya muka bayar.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne waɗanda suka assasa wannan harka ba masu rowar bayani ba ne. Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, wanda mabiyansa suka buɗe makarantarsu ta Messina da ke Italiya a 1548, ya bar wasiƙu kusan dubu bakwai, kuma ya ɗora wa gidajen ƙungiyarsa rubuto rahoto akai-akai a kan abin da ke gudana. Don Bosco na Turin, fada mai kula da yara marasa galihu, ya kafa mujalla a 1877 don masu taimaka masa su san abin da ake yi da yaran da kuma gudummawarsu. A zamanin da wasiƙa ke yin makonni a hanya ke nan. Mu da saƙo ke isa cikin daƙiƙa ɗaya, kwana tara muka yi.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi taron iyaye, wannan karon na je, na zauna a gaba. Da aka zo wajen tambayoyi na miƙe, gabana na faɗuwa kamar ɗan aji ɗaya. Na ce, "Fada, a yi mini afuwa, ba gardama na zo yi ba. Wa zai naɗa sabon shugaba, kuma yaushe?" Ya ɗan yi jim, sai ya ce ƙungiyar sistocin ba ta da wadda za ta turo a yanzu, don haka za a tallata kujerar, hukumar gudanarwa ta tantance, Bishop ya amince, ana sa ran kammalawa kafin sabuwar shekarar karatu. Ya faɗi malamin da ya karɓi 'yan ajin jarrabawa. Duka-duka bai yi minti biyu yana magana ba. Wata uwa a bayana ta ce, "Ikon Allah, da ma wannan ne?" Fada ya yi murmushi ya ce sun ɗauka irin wannan bayani zai gundure mu.

Ashe a karon farko tun kafa makarantar, wanda zai zauna a ofishin nan mai yiwuwa ba sista ba ce. Wannan babban labari ne, kuma ba ya cikin shafi biyun nan ko a layi ɗaya.

Da na dawo gida na ba 'yata labari, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Baba, mu yaushe za a faɗa mana?"